Keken tsere a daji: a auna kafin a saya

Bayan kaka, in an kai wake da gujiya kasuwa, samari da yawa na Gidan Rumji da Tibiri da ƙauyukan kewaye sukan so sayen keke. Wasu don zuwa gona da kasuwa. Wasu kuwa tsere suke so su koya. Sun gani a waya yadda ake gudu da keke a daji, ana hawa tudu, ana faɗawa kwari. Kuɗin keke ba kaɗan ba ne. Wani sai ya saida rago, wani sai ya haɗa da buhun wake. In ya saya da gaggawa, bayan wata biyu sai a ga keken jingine a bayan rumbu, kaji suna kwana bisansa.

Mene ne keken daji?

A kasuwa ana ce masa VTT, wato keken kowace irin ƙasa. Tayarsa faffaɗa ce mai haƙora, kansa miƙaƙƙe ne, kuma yana da giya. Asalinsa daga Amurka ne. A wajen 1976 wasu samari na jihar Kalifoniya suka riƙa tseren gangarowa daga dutse da tsofaffin kekuna masu kaurin taya. A 1981 kamfanin Specialized ya fara ƙera irinsa da yawa don sayarwa. A 1996 aka shigar da tseren cikin wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Ana shata hanya ta kilomita 4 zuwa 6 a daji, a yi ta kewaya ta har wajen awa ɗaya da rabi. Ƴan Afirka ma suna ciki. Adrien Niyonshuti na ƙasar Ruwanda ya yi tseren a Landan a 2012. Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku a Paris a 2024, kuma a 2024 ɗin ya zama zakaran duniya.

Amma ƙasar Gidan Rumji ba ta duwatsu ba ce. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta taso daga Maradi ta nufi Madawa, sai jigawa da rairayi da hanyar amalanke. A bakin Gulbin Maradi akwai laka, wadda in ta bushe da sawun shanu takan yi tauri, ta yi ta girgiza mahayi. Ga ƙayar aduwa, ga tsaidau. Keken da zai yi wa mai koyo amfani shi ne wanda ya dace da wannan ƙasa.

Keke kamar takalmi ne

Abu na farko shi ne tsawon mai hawa. Keken da ya yi wa mutum girma, ko kyauta aka ba shi, ba zai iya tsere da shi ba. Ga yadda ake aunawa. Mai saye ya tsaya, keken yana tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Tsakanin sandar sama da jikinsa a samu sarari kamar faɗin yatsu huɗu. In babu wannan sarari, ranar da rairayi ya tsai da shi ba shiri, sandar za ta buge shi a wurin da ba a faɗi.

Sa'an nan ya hau sirdi, ya ɗora dunduniya bisa feda a lokacin da fedar take can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai. In gwiwa ta lanƙwashe, a ɗaga sirdi. Ga ƙarfen sirdi akwai zane wanda ba a wuce shi. In an kai zanen amma ƙafa ba ta miƙe ba, keken ya yi kaɗan. Iyaye sukan ce a saya wa yaro babba, ai zai girma. Wannan dabara ta riga ce. A keke, kafin yaron ya girma ya sha faɗuwa.

A karanta jikin taya

Nan ne karatu yake rana. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu, misali 26 x 2.10. Ta farko girman ƙafar keken ce, da inci. Ta biyu faɗin tayar. Inci ɗaya ya yi santimita 2 da rabi. Ke nan taya mai 2.10 faɗinta ya ɗara santimita 5. Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, lambarsa 28 x 1½. Tayarsa siririya ce, shi ya sa take nutsewa cikin rairayi kamar wuƙa. Faffaɗar taya kuwa bisa rairayin take tafiya, kamar tafin raƙumi. Don tseren daji a nemi wadda faɗinta ya kai inci 2 ko ya fi.

Kekunan daji girman ƙafarsu iri uku ne: 26, da 27.5, da 29. Manyan ƴan tsere na yau 29 suka fi hawa, don babbar ƙafa ta fi saurin wuce rami da saiwa. Amma tayar 29 ba ta shiga ƙafar 26, ta baƙin keke ma ba ta shiga. Saboda haka kafin a biya kuɗi, a je wurin mai faci na gari a tambaye shi wace lamba yake samu. In 26 ce, a sayi 26. In kowace taya sai an yi kuɗin mota zuwa Maradi, tafiyar wajen kilomita 50, kafin a same ta, to keken ya fi ƙarfin mai koyo. A duba bakin tub kuma. Akwai siriri, akwai mai kauri irin na mota, kuma ba kowane famfo ke kama su duka ba.

Iska ma da dabararta. A rairayi ba a cika taya ta yi tauri kamar dutse. A rage kaɗan don ta baje. Amma in an rage da yawa, ƙarfen ƙafa zai cije tub ya huda shi wuri biyu.

Kada ado ya ruɗi mai saye

Akwai kekuna masu sifirin gaba da baya, masu fenti mai ɗaukar ido. Su ne samari suka fi tsayawa kallo. Na kirki a cikinsu suna da tsada ƙwarai. Masu arahar kuwa nauyi ne da su, kuma duk taka feda sai keken ya lotsa, ƙarfin mahayi ya tafi a banza. Mai koyo ya ɗauki mai sifirin gaba kaɗai. In sifirin ɗin ya cije ko yana ƙara, gara wanda ba shi da ko ɗaya.

A ɗaga keken da hannu ɗaya. Baƙin keke yakan kai kilo 20. Na manyan ƴan tsere bai fi kilo 10 ko 11 ba. Wanda ya samu mai kilo 13 ko 14 ya yi dace. Gangar jikin alminiyom ta fi sauƙi, amma in ta tsage ba kowane mai walda ke iya ta ba. Ta baƙin ƙarfe ta fi nauyi, sai dai ana ɗinke ta a kowane gari.

Birki iri biyu ne: mai roba da ke kama gefen ƙafa, da mai kama faifan ƙarfe a tsakiyarta. Na faifai ya fi kamawa cikin laka. Amma wanda ke aiki da mai yana son mai na musamman da gwanin gyara. Mai aiki da waya, kowane bakanike ya san shi. Yawan giya kuma ba shi ne gudu ba. Abin nema shi ne giya mai taushi ta hawa tudu da ratsa rairayi, wadda ke shiga ba gardama.

In na hannu ne

Sau da yawa na hannu mai ƙwari ya fi sabo mai araha. Sai dai a duba shi da rana, a share ƙura. A bi wuraren walda da ido da yatsa, ko akwai tsaga. Sabon fenti a wuri ɗaya kaɗai abin tambaya ne. A ɗaga kowace ƙafa a juya ta. In tana rawa hagu da dama, ta karkace. A matse birkin gaba, a tura keken gaba da baya. In wuyansa yana ƙwas-ƙwas, akwai gyara. A dubi haƙoran da sarƙa ke hawa. In sun yi tsini kamar ƙaya sun cinye, kuma sauya su tare da sarƙa wani kuɗi ne. Daga nan a hau a kewaya, a gwada giya ɗaya bayan ɗaya. Mai sayarwa da ya hana a hau, a bar masa kayansa. A karɓi takardar ciniki da sunan mai sayarwa, a gaban shaidu, don ana satar kekuna.

Kada kuɗin duka su ƙare a kan keke. A rage na hular kwano, da famfo, da tub ɗaya na ajiya, da kayan faci. A wuraren tsere na hukuma ba a barin mai kai tsirara ya shiga layi. Sarƙa kuma mai kaɗan take so, a goge sauran da tsumma, don mai da ƙura in sun haɗu cin ƙarfe suke yi.

Aikin aji

A shigo da keke biyu cikin cibiya. Kowane ɗalibi ya karanta lambobin da ke jikin taya, ya rubuta su a allo. Sa'an nan a yi wannan lissafi: ƙafar keke mai lamba 26, in ta juya sau ɗaya, takan ci wajen mita 2. Sau nawa za ta juya a hanyar tsere mai kilomita 5?