Ɗaki Mai Kyau Domin Tsofaffi da Marasa Ƙarfi a Cikinmu

Karanta: Yohanna 19:25-27; 1 Timoti 5:3-16; Ayyukan Manzanni 6:1-7

A ƙauyukanmu da yawa matasa sun tafi birni neman aiki ko karatu. Waɗanda suka rage a gida su ne tsofaffi, gwauraye, makafi, guragu da masu taɓin hankali. Ɗakin ƙasa kuwa yana bukatar gyara kowace shekara. Idan babu mai yaɓe bango ko sāke jinka, ruwa zai shiga, bango ya jiƙe, wata rana ya faɗi da dare a kan mai barci. A wannan darasi za mu duba yadda ikilisiya za ta taimaki irin waɗannan 'yan'uwa su zauna a ɗaki mai kyau, a cikin mutanensu, da kuɗi kaɗan.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana

Yesu yana kan gicciye, duk da haka ya yi tunanin inda mahaifiyarsa za ta zauna. Ya danƙa ta ga almajirinsa, shi kuwa ya kai ta gidansa. Bulus ya gaya wa Timoti cewa 'ya'ya da jikoki ne za su fara ɗaukar nauyin iyayensu, domin ikilisiya ta iya kula da gwaurayen da ba su da kowa. A Urushalima kuma, da aka yi gunaguni cewa ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci, sai aka zaɓi mutum 7 aka ba su aikin. Wato tausayi kaɗai bai isa ba, sai da tsari.

Najeriya ta yi dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a shekarar 2018, da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a 2019. Yana da kyau mu san da su, mu kuma tuna wa shugabannin ƙaramar hukuma. Amma doka ba ta kwaɓa ƙasa. Wannan aikin hannunmu ne.

Abubuwan da za mu duba a ɗaki

• Rufi: ko jinka ta ruɓe, kwano ya huje, ko gara ta ci itacen rufi. Idan soro ne, a share indararo.
• Bango: a yaɓe tsaga, a tara ƙasa a gindin bango domin ruwa ya gangara waje.
• Ƙofa da daɓe: a rage tsayin dokin ƙofa, a cike ramuka. Faɗuwa tana karya ƙugun tsoho, da yawa kuma ba sa sāke tashi.
• Masai: ya kasance kusa da ɗaki, da sandar kamawa da wurin zama ga mai ciwon gwiwa. Ga makaho, a ɗaura igiya daga ƙofar ɗaki zuwa masai.
• Iska da haske: a buɗe taga, a fitar da murhu waje saboda hayaƙi, a rataya gidan sauro mai magani.

Yadda za mu fara

1. A zaɓi ƙaramin kwamiti daga dattawa, Zumuntar Mata da matasa. A sa tsoho ko tsohuwa a ciki.
2. A zaga gida gida, a rubuta sunayen mabukata, har da waɗanda ba 'yan ikilisiyarmu ba.
3. A tambayi mai ɗakin abin da yake so. Yawancin tsofaffi sun fi son zama inda suka saba, kusa da gonarsu da maƙwabtansu. Kada a tashe su sai dole.
4. A nemi 'ya'yansu da ke birni. Wanda ba zai iya zuwa ba, ya aiko da kuɗin kwano ko ƙusa.
5. A kira gayya da rani, kafin ruwan farko. Ƙasa, ciyawa da ƙarfin matasa ba sai an saya ba. Sauran kayan, a saya daga hatsin da aka keɓe a godiyar kaka.
6. Kafin a gina wa gwauruwa sabon ɗaki, a zauna da dangin mijinta a gaban mai unguwa, a rubuta cewa za ta zauna a wurin muddin ranta. In ba haka ba, za a iya korarta bayan an gama ginin.

Bayan gini, sai ziyara

Ɗaki mai kyau ba ya ɗebo ruwa, ba ya hira. Bari kowane mabukaci ya sami iyali ɗaya da zai leƙa shi kullum, ya kawo ruwa da itace, ya raka shi asibiti a auna hawan jini. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta a ƙasarmu, alhali ana cire ta da ƙaramin aiki a wurare kamar Asibitin Ido na ECWA a Kano. Tsohuwar da ta fara mantuwa ko magana ita kaɗai tana bukatar kulawa. Kada mu yarda a kira ta mayya. Mu kuma bar tsofaffi su ba da nasu: renon yara, saƙar tabarma, sulhu da addu'a.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Su wane ne a ƙauyenmu ɗakinsu ba zai jure wata damina ba?
2. Me ya sa ake manta da waɗansu mabukata, kamar yadda ya faru a Urushalima?
3. Me za mu ce wa ɗan da yake ba da baiko a birni, amma ɗakin mahaifiyarsa yana yoyo? (Dubi Markus 7:9-13.)
4. Wane ɗaki za mu fara gyarawa, a wace rana, wa zai kawo me?

Kada a tashi daga taro sai an amsa tambaya ta 4, an rubuta amsar, an kuma yi addu'a a kanta.