Yaro yana son shiga ƙungiyar tamola: mi ya kamata uwaye su sani?

Ko'ina cikin ƙasarmu yara suna buga tamola. In rana ta yi sanyi, za ka gan su bakin kasuwa, bayan lakkwal, ko cikin kowane fili da babu gini. Duwatsu biyu sun isa raga. Wasu da takalmi, wasu ƙafa ƙasa. Wanga wasan unguwa ne, babu takarda, babu kuɗi, babu mai tambayar shekarun kowa.

Amma akwai ranar da yaro zai zo ya ce ma ubansa: «Baba, ina son shiga ƙungiya.» Daga ranar nan magana ta sake. Ƙungiya tana da mai horarwa, tana da lokutan horo, tana shiga gasa, kuma tana da takardu. Takardun nan uba ko uwa ne za su sa masu hannu, tun da yaro bai kai munzali ba. Shi ya sa muka kawo wanga darasi cikin ajin karatun manya. Wanda ya iya karatu, shi ke karanta takarda kafin ya sa hannu.

Ƙaƙa aka tsara wasan?

A Nijar, hukumar da ke kula da tamola ana ce mata FENIFOOT, tana Yamai. Sama da ita akwai CAF, hukumar Afirka. Sama da CAF kuma akwai FIFA, ta duniya baki ɗaya. Mun san sunayen wasu ƙungiyoyi: Sahel da AS FAN a Yamai, Ɗan Kasawa da Jangorzo a Maraɗi, Espoir a Damagaram. Ƙungiyar ƙasa kuwa sunanta Mena. Ta fara zuwa gasar cin kofin Afirka a shekarar 2012, ta koma a 2013.

Ba a haɗa ƙanana da manya cikin gasa. Ana raba yara bisa shekarunsu. Akwai ajin ƴan ƙasa da shekara 15, akwai na ƴan ƙasa da 17, waɗanda ake kira «kade», akwai na ƴan ƙasa da 20, su ne «juniyo». Dalili a fili yake: ƙashin ɗan shekara 13 ba ɗaya yake da na ɗan shekara 19 ba. In sun yi karo, ƙaramin ne zai karye.

Ƙasarmu ta san wasan yara. A 2015 an yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a Yamai. A 2017 yaranmu na wanga aji sun tafi Indiya gasar cin kofin duniya, karo na farko. Sun ci Koriya ta Arewa 1 da 0, sun wuce zagaye na biyu, kana Gana ta fid da su. A 2019 kuma an yi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a Yamai da Maraɗi. Ke nan burin yaro ba shirme ba ne. Sai dai hanya tana da ramu, kuma aikin uwaye ne su san inda suke.

Abu na farko: a je a gani

Gani ya kori ji. Kada uba ya tsaya ga abin da yaro ya gaya masa kurum. Ya tafi filin da kansa ranar horo, ya zauna ya duba. Wane ne mai horarwa? Mutanen gari sun san shi? Yana koya ma yara ne, ko zagi da duka ya iya? Akwai ruwan sha? Da wane lokaci ake horo? A watan Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwanmu, don haka mai hankali ba ya sa yara gudu da tsakar rana, sai da safe ko bayan la'asar.

Sannan ya tambaya: shin ƙungiyar nan tana da rajista wajen hukuma? Ɗan wasan da aka rubuta bisa ƙa'ida yana samun kati mai hotonsa da sunansa da ranar haifuwarsa. Ana ce ma katin «lisans». Ba da shi ba, yaro ba ya shiga gasar hukuma.

Abu na biyu: shekarun gaskiya

Don a yi lisans, ana biɗar takardar haifuwa. Wanda aka rubuta haifuwarsa tun yana jariri, to ya huta. Wanda ba a rubuta ba, sai uwaye su tafi gidan shari'a da shaidu, a yi masa takardar da ke tsaya makwafinta.

A nan ne jarrabawa take. Wani zai zo ya ce: «A rage masa shekara 3, sai ya fi sauran yara ƙarfi, a ɗauke shi.» Ƴan uwa, kada mu yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tun gasar duniya ta ƴan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009, FIFA ta shiga aiki da wata na'ura ta asibiti mai ɗaukar hoton cikin jiki. Ana duba wuyan hannun yaro. Ga wanda bai gama girma ba, kan ƙashin bai haɗe ba tukuna. In an ga ya haɗe sarai, sai a ce ya wuce ajin, a fid da shi. Cikin yara 30 da Kamaru ta taɓa kira, 21 sun faɗi wanga awo, aka sallame su.

Ban da kunya, akwai wata ɓarna. Yaro mai takarda biyu, ɗaya ta lakkwal, ɗaya ta tamola, zai sha wahala ranar jarrabawa, da ranar yin katin ɗan ƙasa, da ranar neman fasfo. Kuma babban da aka sa cikin ƙanana ya ci hakkin wani yaro, wanda aka bari gida alhali shi ne mai shekarun.

Abu na uku: karatu ba ya tsayawa

Mutum 11 ke shiga fili. Ƙungiyar ƙasa tana kiran mutum ashirin da ƴan kai. Yanzu mu ƙirga yaran da ke buga tamola cikin unguwarmu kaɗai. Mu tara da na sauran unguwanni, da na ƙauyuka. Lissafin ya nuna mana cewa mafi yawansu ba za su ci abinci da ƙafarsu ba. Wanda ma ya samu, aikin ba mai daɗewa ba ne: da shekara talatin da ƴan kai ƙafa takan gaji. Wani kuwa rauni ɗaya a gwiwa ya isa ya zaunar da shi tun yana saurayi.

Saboda haka a yi sharaɗi da yaro tun ranar farko: horo bayan an tashi daga lakkwal, ba cikin lokacinta ba. In yana makarantar allo ko yana koyon sana'a, ɗinki ko kanikanci ko walda, shi ma haka nan. Ƙungiyar kirki takan tambayi sakamakon yaro na aji. Wadda ta ce a bar karatu, ba ta son yaron, ƙafarsa take so.

Abu na huɗu: kuɗi da lafiya

Kafin a shiga, a tambayi abin da za a kashe, a rubuta shi: takalmi, riga, hotuna, kuɗin wata in akwai, kuɗin mota ranar da za a tafi wasa wani gari. Duk abin da aka biya, a karɓi rasit a ajiye. A tambaya kuma: in yaro ya ji ciwo cikin fili, wa zai biya magani? Gara a san amsa tun yana da lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kai shi likita ya auna shi, ya saurari zuciyarsa, kafin ya fara horo mai tsanani. Ya riƙa cin abinci ya ƙoshi, ya sha ruwa da yawa, ya yi barci. Kuma a kula ƙwarai da ƙwayoyin da ake saidawa bakin titi, irin su taramol, da ake ce wai suna hana gajiya. Ba ƙarfi suke ƙarawa ba, rai suke ɓatawa.

Abu na biyar: mai cewa zai kai shi Turai

Wanga shi ne rami mafi zurfi. Mutum zai zo da kaya masu kyau, da hotuna cikin salula. Ya ce ya ga wasan yaro, yana da hanya a Faransa ko wata ƙasar Larabawa, a ba shi kuɗin biza da na jirgi. An sha jin labarin gidajen da suka saida gona ko bisashe saboda irin wagga magana, cikin ƙasashen Afirka da dama. Daga baya a bar yaro a wani birni, ba ƙungiya, ba takarda, ba kuɗin komowa, kunya kuma ta hana shi kiran gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga abin da doka ta ce, mu riƙe shi da kyau. Bisa dokar FIFA, ba a ɗaukar ɗan wasa daga ƙasarsa a kai shi ƙungiyar wata ƙasa sai ya cika shekara 18. Akwai ƴan togaciya kaɗan, misali in uwayen ne da kansu suka ƙaura saboda wani dalili da ba na tamola ba. Don haka duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 ya sa hannu a Turai, ko bai san doka ba, ko yana son cutarka. Haka kuma yaron da bai kai 18 ba, ba a yi masa kwangilar da ta wuce shekara 3.

Akwai hanya ta gaskiya. Musa Ma'azu, haifaffen Yamai, ya yi wasa a AS FAN har aka san shi. A 2008 ya tafi Lokeren ta ƙasar Beljiyam, lokacin ya riga ya wuce shekara 18. A 2009 ya koma CSKA ta Mosko. Daga gida ya fara, ƙungiya ce ta yi magana da ƙungiya.

Rajista ta gaskiya tana da wani amfani kuma. In aka saida ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin, a raba ma ƙungiyoyin da suka hore shi tun daga shekara 12 har 23. Ƙaramar ƙungiyar garinmu tana iya samun rabonta, amma sai in an rubuta sunan yaron tun farko, da shekarunsa na gaskiya.

Mu taƙaita

Kada mu hana ɗiyanmu wasa, maza ko mata. Tamola tana ba jiki lafiya, tana koya ma yaro zuwa kan lokaci, da biyayya, da haƙuri in an ci shi. Amma in aka miƙo mana takarda, kada mu yi gaggawar dangwala yatsa. Mu ce a ba mu ita mu tafi gida. Mu karanta a hankali. In da Faransanci take, mu kai ma malamin lakkwal ko wani da muka yarda da shi, ya fassara mana layi bayan layi. Mu riƙe kwafi ɗaya. Mai gaskiya ba ya jin haushin kwana biyu da za ka yi kana karatu. Wanda ya ce «yanzu-yanzu», to a bar shi ya wuce.

Tambayoyi

1. Don mi ake raba yara bisa shekarunsu cikin gasa?
2. Mi ke rubuce bisa lisans?
3. Shekara nawa ɗan wasa zai cika kafin a kai shi ƙungiyar wata ƙasa?
4. Faɗi abu uku da uba zai duba ranar da ya je filin horo.

Lissafi

An saida wani ɗan wasa a kan sefa miliyan 100. Nawa ne kashi 5 cikin 100 da za a raba ma ƙungiyoyin da suka hore shi?

Rubutu

Rubuta tambayoyi 3 da za ka yi ma mai horarwa kafin ka yarda ɗanka ko ɗiyarka su shiga ƙungiya.