DARASI: ME YA SA KIFI KE MUTUWA A SABON TANKI?

Yawancin asarar sabon mai kiwo tana faruwa ne a makonni 4 zuwa 6 na farko. Mutum ya gina tanki, ya zuba 'ya'yan kifi 1,000, kafin wata ya cika rabi sun tafi, sai ya ce mai ƙyanƙyasa ya sayar masa da marasa lafiya. Sau da yawa matsalar tana cikin ruwan. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

1. SABON SIMINTI
Siminti yana sakin sinadari mai kaifi da ke ɗaga ma'aunin pH har ya wuce 10, alhali tarwaɗa tana son 6.5 zuwa 8.5. Irin wannan ruwa yana ƙona fatar kifi da jan naman gefen kai da yake numfashi da shi. Ka cika tanki, ka bar ruwan ya kwana 7, ka zubar, ka goge bango, ka sake cikawa ya ƙara mako guda. Ka auna pH kafin ka saka kifi ko ɗaya. Tankin roba ko na tamfol ma a wanke shi, amma ban da sabulu ko omo.

2. TUSHEN RUWA
Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, ka bar shi a buɗe awa 24 zuwa 48. Ruwan rijiyar burtsatse kuma yana fitowa da ƙarancin iskar oksijin, don haka ka ɗaga fayif sama ruwan ya riƙa zubowa yana fantsama. Ranar da kifi suka iso kada ka juye su kai tsaye. Ka riƙa ƙara ruwan tanki cikin jarkarsu kaɗan-kaɗan na kamar minti 20, kuma kada ka ba su abinci a ranar.

3. AMONIYA
Kifi yana fitar da amoniya ta jan naman gefen kai, kashinsa da ragowar abinci su ma suna ruɓewa su ƙara ta. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitarait, wasu kuma su mayar da naitarait naitaret mai sauƙin illa. To a sabon tanki ba su riga sun yawaita ba, sai sun ɗauki makonni.

Ku riƙe wannan: dafin amoniya yana ƙaruwa da hawan pH da zafi. A pH 7, ɓangarenta mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A pH 9 ya haura kashi 30. Kun ga sabon siminti da yawan abinci in sun haɗu, ai an gama da kifi.

Alamu: ruwa yana wari ko kumfa, kifi sun ƙi abinci, suna rataye a sama kai a tsaye. Abin yi: dakatar da abinci kwana 1 zuwa 2, ka zubar da rabin ruwan ta ƙasa inda datti ya kwanta, ka cika da sabo. Yunwar kwana biyu ba ta kashe tarwaɗa.

Idan ka duba jan naman gefen kai ka ga ya koma ruwan ƙasa maimakon ja, naitarait ce ta hana jini ɗaukar iska. Canjin ruwa da gishiri suna taimakawa.

4. KOREN RUWA
Ɗan kore-kore ba laifi ba ne, gansakuka ce, tana shan amoniya tana ba da oksijin da rana. Amma da dare ita ma shaƙar iskar take, shi ya sa mutuwa ta fi yawa da asuba. Kuma in ta yi kauri tana ɗaga pH da yamma. Gwaji: tsoma hannunka zuwa gwiwar hannu. In tafinka ya ɓace tun kafin ka kai rabin nan, ruwan ya yi kauri. Rage abinci, canza wani ɓangare na ruwan, ka yi rumfa a kan rabin tanki. Kada ka zuba magani ka kashe ta gaba ɗaya, ruɓewarta za ta cinye iskar.

5. CUTUTTUKA
• Farin ɗigo: ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, kifi na goga jiki a bango. Ya fi zuwa da hunturu. Tarwaɗa tana son zafin ruwa digiri 26 zuwa 30, don haka a rufe tanki da leda da dare.
• Farin baki, ruɓewar jela da gyambo: bakteriya ce, tana bin rauni, cunkoso da ruwa mai datti.
• Fashewar kai: ana danganta ta da ƙarancin bitamin C a abinci da lalacewar ruwa.

Ma'aunin gishiri: kilo 2 a lita 1,000. Tanki mai mita 2 tsawo, 2 faɗi, ruwa mita 1, lita 4,000 ke nan, kilo 8. Narkar da shi a bokiti kafin ka zuba. In ka canza rabin ruwa, rabin gishirin kawai za ka mayar.

Don Allah a daina antaya maganin kaji a ruwa da ka. Gyara ruwa tukuna. In mutuwa ta ci gaba bayan kwana 2, kai kifin da bai riga ya mutu ba da samfurin ruwa wurin likitan dabbobi. Matattu a kwashe a binne, kuma kowane tanki da komarsa da bokitinsa.

AIKIN WANNAN MAKO
Sayi abin gwajin pH da na amoniya. Auna da ƙarfe 6 na safe da 4 na yamma tsawon kwana 7, ka rubuta tare da yawan abincin da ka bayar da adadin waɗanda suka mutu. Ku turo sakamakon a ƙasa mu duba tare.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, amin.