Kalmar "Ƙuri'a" da Sha'anin Albashi a Ƙaramar Hukuma

Kalmar "ƙuri'a" ararriya ce daga Larabci, kuma a can gidansu ba zaɓe take nufi ba. Ma'anarta ta asali ita ce a bar wa sa'a ta fitar da mutum, kamar yadda 'yan adashi a kasuwar Jimeta kan naɗe 'yan takardu su zuba a hula, wanda ya ɗauko lamba ɗaya shi ne zai fara kwasa. Zuwan siyasar jam'iyyu ne ya faɗaɗa ma'anar, ta yadda yau in an ce "ya kaɗa ƙuri'a" sai zuciya ta tafi ga akwatin zaɓe.

To, ga inda ɗalibin fassara zai yi tuntuɓe. Tsohuwar ma'anar ma tana da gurbi a harkar mulki. A zamanin dā, a Atina ta ƙasar Girka, da ƙuri'ar sa'a ake fitar da 'yan majalisa 500. A 2016 ƙasar Ayalan ta tara 'yan ƙasa 99 da sa'a ta faɗa wa, suka saurari masana, suka miƙa wa majalisar dokoki shawarwari. In mai fassara ya ce "an zaɓe su ta hanyar ƙuri'a", ya ɓatar da mai karatu, domin zai ɗauka sun yi takara. A ganina, gara a ce "majalisar ƙuri'ar sa'a", a bar wa ɗayar "ƙuri'ar zaɓe".

Mu kawo zancen gida. Yola ta Arewa, mai hedikwata a Jimeta, da Yola ta Kudu suna cikin ƙananan hukumomi 21 na Jihar Adamawa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a watan ne mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Dokar ta tsayar da na ƙasa, amma ba ta ce komai ba kan ratar da ke tsakaninsa da na sama. Ninki nawa ya dace abin da ciyaman ke ɗauka ya yi wa na masinja? Mutanen Suwizalan sun taɓa wannan muhawara a kan shugabannin kamfanoni a 2013, suka ƙi amincewa da ƙayyade ninki 12.

Kansila ba zai iya alƙalancin wannan ba, domin da bakinsa cikin akushin. Amma in sa'a ta haɗa mai sayar da kifi daga bakin kogin Binuwai da malamin firamare da ɗan keke, babu ubangidan siyasar da ke bin su bashi. Sai dai sashe na 7 na tsarin mulkin 1999 zaɓaɓɓun majalisu ya sani, don haka iyakar irin wannan zama shawara. Akwai kuma tambayar da ta shafe mu kai tsaye: da wane harshe za a yi zaman a Yola, Fulatanci ko Hausa ko Ingilishi, kuma wa zai yi tafinta?