Darasi na 11: Wutar daji, kurmi da kuɗin akwatinmu

A yi wannan darasi a farkon watan Nuwamba, kafin ciyawa ta gama bushewa. Zai ci kamar awa ɗaya bayan an gama zubi an kulle akwati. Sakatariya, ko duk wadda ta iya karatu, ta karanta a hankali, ta riƙa tsayawa ana tattaunawa.

Iyayena da yayyena, na san wata za ta ce me ya haɗa adashe da wutar daji. To, a buɗe littafin rance a duba. Wadda ta karɓi kuɗi don man kaɗanya, da mai daddawa, da mai sarin zuma, da mai itace, duk jarinsu a daji yake tsaye. Kaɗanya da ɗorawa a cikin rani suke fure, daidai lokacin da wuta ta fi yawa. In ta bi ta ƙarƙashinsu ta babbake furen, sai damina ta zo a je tsintar ƙwara a dawo da ƙwarya rabi. Rance kuwa ba ya jiran baɗi.

Kurmi da fili ba ɗaya ba ne

A taɓa bawon kaɗanya, za a ji shi da kauri kamar bayan kada. Itacen fili ya saba da wuta, shi ya sa yakan ƙone ya sake tohowa. Itacen kurmi bai san ta ba. A cikin kurmi rassa sun haɗe a sama, rana ba ta kai wa ƙasa, ganyen da ya zuba kullum a jiƙe yake, don haka yawancin itatuwansa bawonsu siriri ne. Wutar farko da za ta shiga kurmi ba ta da ban tsoro, da ƙyar take kai gwiwa, tana rarrafe a cikin ganye. Amma tana daɗewa a gindin itace tana dafa shi. Bayan wata da watanni sai a ga itatuwa suna bushewa a tsaye. Sun bushe, sama ta buɗe, rana ta shigo, ciyawa ta samu wuri. Wuta ta biyu za ta tarar da busasshen itace a jibge, ita ce mai cin komai. Da haka kurmi yake zama fili, rafin da ke cikinsa ya fara ƙafewa tun kafin bazara, tafiyar ɗiban ruwa ta ƙara nisa. Kun san a kan wa wannan tafiya take faɗawa.

Abin yana ƙaruwa a duniya saboda zafi da fari suna ƙaruwa. A shekarar 2015 wuta ta ci kusan hekta miliyan 2.6 a ƙasar Indonesiya, hayaƙi ya sa aka rufe makarantu har a ƙasashe maƙwabta. A 2024 an yi asarar kurmi na asali kusan hekta miliyan 6.7 a ƙasashe masu zafi, kusan rabi wuta ce ta ci, mafi yawa a Brazil da Bolibiya. Hekta ɗaya eka biyu da rabi ce, sai ku kwatanta da gonar gidanku.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Ghana, ƙasar da kakanninmu fatake suke zuwa sarin goro, wanda shi ma ɗan kurmi ne. A 1983 fari ya haɗu da hunturu mai tsanani, wuta ta bi gonakin koko da na abinci da kurmi, yunwa ta biyo baya. A 1990 suka yi doka ta hana cinna wa daji wuta, ta kuma ce garuruwa da ƙauyuka su kafa 'yan sa-kai na kashe wuta. Abin da ya burge ni a nan, an ɗora aikin a kan mutanen gari, don motar kashe gobara ba ta zuwa bakin kurmi.

Mu ma muna da namu. Akwai gandun Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya, akwai kurmin Ngel Nyaki a kan tsaunin Mambila. A duka biyun akwai cimfanzi, birin nan da ya fi kama da mutum, irin da babu shi ko'ina sai Najeriya da Kamaru. A Ngel Nyaki wutar da ake sa wa ciyawa duk shekara tana cin bakin kurmin, kuma inda aka kange aka tsare daga wuta da kiwo, itatuwa sun fara dawowa. Ƙaramin kurmin da ke bakin rafin garinku, haka shi ma yake.

Namun daji fa, ina ruwanmu?

An sha yi mini wannan tambaya, musamman masu gona a bakin daji da biri ya dama. Ina ganin suna da gaskiyarsu. Sai dai a lura, biri da jemage da cilakowa su ne masu shukar kurmi. Suna cin 'ya'yan itace su je nesa su yar da ƙwallon. Ƙudan zuma kuma shi ke bin furen kaɗanya har ta yi 'ya'ya da yawa. In wuta ta zo, mai gudu ya gudu, mai fiffike ya tashi, amma kunkuru da ɗankunya da ƙwan tsuntsu da amya nan suke ƙonewa. Waɗanda suka tsira kuma abincinsu ya ƙone, ina za su nufa in ba gona da rumbu ba? Macizai ma gida suke yowa.

A tsaya a nan. Kowace ta faɗi wutar da ta tuna a garin nan, daga ina ta tashi, me ta ci.

Za ku ji amsoshin kusan iri ɗaya ne: samari masu farautar gafiya da zomo, mai cin zuma da dare da bakin wuta, mai ƙona sassabe da rana tsaka ya tafi gida, makiyayi mai neman toho, ramin gawayi da ba a kashe ba, guntun taba, yara masu gasa rogo. Da mu kanmu, in muka zubar da toka a bayan danga da sauran garwashi a ciki. Ina roƙo kada zaman ya koma zargin wata ƙabila ko wata sana'a. Wadda take da ƙawa mai tallan nono ta gayyato ta zama na gaba, don wutar da ta ci gona ita ce take cin makiyaya.

Abin da ƙungiya za ta iya

Na farko shara ce. A share ciyawa har ƙasa, faɗin kamar taku goma, kewaye da rumbuna, da inda kaɗanya da ɗorawa suka yi yawa, da bakin kurmi. Ciyawar da aka share a kwashe ta, kada a tara a gefe. Aikin gayya ne, a gama shi kafin Disamba, a sake bi bayan ganye ya zuba. In dole sai an ƙona wani wuri, a yi da wuri tun ciyawa da sauran ɗanye, da yamma iska ta kwanta, da sanin mai unguwa da maƙwabtan gona, kuma ba mai tafiya sai ta mutu murus. Wannan magana ta fi ƙarfin mata kaɗai, don haka shugaba da mutum biyu su kai ta gaban mai gari, a kira sarkin noma da sarkin baka da arɗo. Mata ashirin da biyar da suka riƙe akwati shekara guda ba kobo ya ɓata, za a saurare su.

Sai maganar asusun taimako, wadda na fi so mu daɗe a kanta. In mu 25 ne, kowace ta ƙara naira 100 a mako, 2,500 ke nan, a mako 12 ya zama 30,000. Ba zai gina ɗaki ba, amma zai sayi hatsin 'yan kwanaki da tabarma da kuɗin mota zuwa asibiti. A yanke tun yanzu, a rubuta a dokokin ƙungiya: nawa za a ba wadda gobara ta shafa, kyauta ne ko rance ba riba, sati nawa za a ɗaga mata biyan bashin da ke kanta. Ranar da rumbun wata ya ƙone ba ranar yin wannan gardama ba ce, kowa zai duba fuska ne. Akwati da littafi kuma, in da hali, su kwana a ɗakin kwano.

Game da rancen gawayi, ni ba zan ce a hana ba, na san akwai gidajen da shi ne cefanensu. Amma ƙungiya tana iya cewa kuɗinta ba zai sare kaɗanya ko ɗorawa ko itacen bakin rafi ba. Wadda take son canja sana'a zuwa amya ta zamani, wadda ake ɗiban zumarta da hayaƙi kaɗai, ko ginin murhu mai tsimin itace, a sa ta gaba a layin rance.

In wuta ta riga ta tashi

A fara da yara da tsofaffi da dabbobin da ke ɗaure, a kai su fili ko wurin da ya riga ya ƙone. Kada a tare ta ta gaba, a bi ta gefe da baya da ɗanyen reshe da ƙasa. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, kada a tsaya a samanta. A cire mayafi da hijabi na roba, narkewa suke su manne a jiki, a ɗaura jiƙaƙƙen zane na auduga a hanci. Mai goyo da mai ciki da mai asma ba su cikin masu kashewa, ko da gonarsu ce.

Wanda ya ƙone a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta mai sanyi na minti 20. Ban da manja, ban da ƙwai, ban da man goge baki, kuma kada a fasa ƙurjin. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannunsa girma, ko a fuska take, ko yaro ne, sai asibiti.

Kafin zama na gaba, mata uku su zaga gari su dawo su zana mana a ƙasa inda wuta ta saba shigowa, da inda rumbuna suka fi kusa da ciyawa. Ma'aji ta zo da lissafin abin da ke cikin asusun taimako, a kansa za mu yanke ko za a ƙara zubin.