Takobin Japan: Kimiyyar Ƙirarsa da Yadda Ake Zaɓensa

Duk maƙerin da ya taɓa ƙera wuƙa ko lauje ya san wata matsala guda wadda ba ta da sauƙin magani. Idan ƙarfe ya yi tauri ƙwarai zai riƙe kaifi, amma da ya daki abu mai ƙarfi sai ya karye kamar tangaran. Idan kuwa ya yi taushi ba zai karye ba, sai dai ya lanƙwashe, bakinsa kuma ya dakushe tun ba a je ko'ina ba. Takobi yana bukatar halayen nan biyu a lokaci guda, ga shi kuwa kishiyoyin juna ne. Maƙeran ƙasar Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kokawa da wannan matsala, kuma takobin da ake kira katana shi ne amsar da suka bayar. Wanda ya fahimci amsar nan zai gane abin da masu tara tsofaffin takubba suke dubawa, zai kuma gane dalilin da ya sa takobin da ya fi kowane tsada ba shi ne ya dace da mai koyon wasan takobi ba.

Daga yashi zuwa ƙarfe

Japan ba ta da arzikin tama mai yawa irin wadda ake haƙowa dunƙule-dunƙule. Abin da take da shi shi ne baƙin yashi mai ɗauke da ƙarfe. Ana zuba wannan yashi tare da gawayi a wani murhun yumɓu mai suna tatara, ana zuga wuta kwana uku dare da rana ba tsayawa. A murhun da aka farfaɗo da shi a shekarar 1977 a lardin Shimane, akan ƙona yashi kimanin tan 10 da gawayi kimanin tan 12, a sami dunƙulen ƙarfe na wajen tan biyu da rabi, sa'an nan a rushe murhun a fitar da shi. Mafi kyawun abin da aka fasa daga dunƙulen shi ake kira tamahagane. Kada kunnen Bahaushe ya ruɗe shi: "tama" da ke cikin wannan suna ba tamar da muka sani ba ce, a harshensu tana nufin dutse mai daraja. Dace ne kawai, ko da yake aikin kansa ya yi kama da na masu narkar da tama na ƙasar Hausa a da.

Abin lura a nan shi ne, zafin murhun bai isa ya narkar da ƙarfen gaba ɗaya ya zama ruwa ba. Saboda haka dunƙulen ba ya fitowa bai ɗaya. Wani gefe yana da sinadarin kabon da yawa, wanda ya shige shi daga gawayi, wani gefen kaɗan, ga kuma dattin narki maƙale a tsakani. Kabon ɗin nan shi ne jigon zancenmu duka. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai wuce kashi 0.2 cikin 100 ba taushi gare shi, ko an tsoma shi a ruwa ba ya yin taurin a zo a gani. Wanda ya kai kashi 0.6 zuwa 0.7 cikin 100 shi ne ƙarfen kaifi.

Don a daidaita shi, maƙeri yana gasa ƙarfen, ya buge shi, ya tsaga tsakiyarsa, ya ninka, ya sake haɗe shi da bugu. Kowane ninki yana ruɓanya yawan shimfiɗu sau biyu. Ɗalibin lissafi zai iya gwadawa: ninki 10 yana ba da shimfiɗa 1,024, ninki 15 kuwa 32,768. Daga nan ne aka samo labarin da ake yaɗawa cewa wai ana ninka katana sau dubbai. Shimfiɗun ne dubbai, ninkin kansa ba ya cika wuce goma sha wani abu. Kuma ninkin ba wani sihiri yake zuba wa ƙarfe ba. Datti yake matsewa waje, yana kuma baza kabon ko'ina daidai. Ƙarfen masana'antar zamani, wanda aka narkar da shi sarai aka tace, ba ya bukatar ninki ko ɗaya.

Bayan haka sai a ɗauki ƙarfe mai ƙarancin kabon a yi ɓargon takobi da shi, a naɗe shi da mai yawan kabon kamar riga, a miƙar da su tare.

Daren tsoma ƙarfe a ruwa

Yanzu muka zo inda kimiyyar ta fi daɗi. Maƙeri yana kwaɓa yumɓu da garin gawayi da garin dutse, ya shafe ruwan takobin da shi: siriri a bakin kaifi, mai kauri a bayansa. In ya bushe, sai a gasa takobin har zafinsa ya kai wajen digiri 750 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Akan yi wannan aiki cikin duhu, domin da launin ƙarfen ake gane zafinsa, da ido kurum. Daga nan sai a tsunduma shi cikin kwamin ruwa.

Me ke faruwa a cikin ƙarfen? A wannan zafi ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna jeruwa ta yadda kabon ke narkewa a tsakaninsu, kamar yadda gishiri ke narkewa a ruwa. Idan ƙarfen ya huce a hankali, kabon yana samun lokacin ficewa ya koma gefe, sai a sami tsari mai sauƙin tauri da ake kira falait. Idan kuwa sanyi ya zo farat ɗaya, kabon ba ya samun hanyar fita, sai ya maƙale a inda yake, ya takure jerin ƙwayoyin zarra. Wannan takurarren tsari shi ne martensait, mai tsananin tauri da saurin karyewa. To, bakin takobi da ke da siririn yumɓu yana hucewa nan take ya zama martensait, bayansa kuwa da yumɓu ya lulluɓe yana hucewa sannu a hankali. A ma'aunin tauri na Rokwel, baki yakan kai wajen 60, baya kuwa wajen 40. Ƙarfe ɗaya ke nan da hali biyu.

Abubuwa biyu da ido ke gani suna fitowa daga wannan tsomi. Na farko shi ne lanƙwasa. Martensait ya fi falait cin wuri, saboda haka bakin takobi yana ɗan ƙara tsawo, ya tura ruwan takobin ya gantsare ta baya. Wani sashe na lanƙwasar katana a cikin ruwa yake samuwa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Na biyu shi ne hamon, watau farin zanen nan mai kama da gajimare ko igiyar ruwa da ke bin bakin takobi. Shi ne iyakar da ke tsakanin tsarin biyu, kuma yana cikin naman ƙarfen, ba a samansa kawai ba. Ba kullum ake dacewa ba. Wani lokaci ƙarfen yakan tsage a cikin ruwan, aikin makonni ya tashi a banza. Wanda ya tsira akan sake ɗumama shi da ƙaramar wuta don a rage masa gautsi.

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan da allurar ɗinki biyu da awartaki. A gasa su har su yi ja, a jefa ɗaya a ruwa, a bar ɗaya ta huce a iska. Ta farko za ta ɓalle da an lanƙwasa ta, ta biyu za ta lanƙwashe. A kare idanu kafin a gwada.

Abin da mai tara takubba yake dubawa

Masana suna kasa takubban Japan bisa zamani. Waɗanda aka ƙera kafin 1596 su ne koto, tsofaffin takubba, kuma a cikinsu ne aikin Masamune yake, maƙerin da ya rayu a ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, wanda har yau ake buga misali da shi. Daga nan sai shinto, sai shinshinto, har zuwa 1876 lokacin da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a bainar jama'a, sana'ar ta durƙushe. Ta sake shan wani bugun a 1945, da sojojin mamaya suka ba da umarnin a miƙa makamai. Takubba masu ɗimbin yawa sun salwanta, wasu sojoji suka tafi da su Amurka. Shahararren takobin nan Honjo Masamune an miƙa shi ga 'yan sanda a Tokyo a ƙarshen 1945, kuma har yau ba a sake ganinsa ba. Don ceton abin da ya saura ne aka kafa ƙungiyar NBTHK a 1948, wadda ke tantance takubba tana ba su takardar shaida.

Abin mamaki ga baƙo shi ne, wurin da masani ya fi ƙura wa ido ba ya ƙyalli. Yana zare ƙota ne ya dubi wutsiyar ƙarfen da ke ɓoye a cikinta. Can ne maƙeri yake sassaƙa sunansa, can ne alamun magagari suke, kuma baƙar tsatsar da ta kwanta a wurin ita ce shaidar shekaru. Wanda ya goge wannan tsatsa don son tsabta ya zubar da babban rabo na darajar takobinsa. Sunan ma ba a yarda da shi kai tsaye, domin tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen manyan maƙera a kan aikin da ba nasu ba. Sai an gwada sunan da siffar takobin, da zanen ninkinsa, da hamon ɗinsa.

Washi kuma sana'a ce mai zaman kanta wadda ake shafe kimanin shekara 10 ana koyo. Kowane washi yana cin ƙarfe. Takobin da ya sha washi da yawa rigarsa takan ƙare, ɓargon nan mai taushi ya leƙo, sai a ce ya gaji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗaukar takobi mai shekara 500 a je ana sare-sare da shi ɓarna ce, a ganina ma rashin kunya ne ga wanda ya ƙera shi.

Takobin mai koyo

Mai koyo da itace yake farawa. Akwai bokken, takobin katako, akwai kuma shinai na wasan kendo, wanda tsagin gora huɗu ne aka ɗaure. Na babban namiji ba ya wuce santimita 120, nauyinsa kuma ba ya gaza giram 510. A wasan iaido, inda ake koyon zare takobi da sara da mayar da shi kube, ana amfani da iaito. Siffarsa ta katana ce sak, amma an yi shi da haɗin tutiya da alminiyam, ba ya da kaifi, ba ya kuma wasuwa. Dalilin wannan haɗi na doka ne. Dokar Japan ta 1958 ba ta yarda a mallaki takobin ƙarfe ba sai wanda aka yi wa rajista a matsayin aikin fasaha na gargajiya, kuma maƙeri mai lasisi, bayan koyo na shekara 5, dogayen takubba biyu kawai aka yarje masa ya ƙera a wata. Garin Seki na lardin Gifu shi ne cibiyar yin iaito. Sai dai a kiyaye: haɗin nan ba ya jure karo, ba a sara komai da shi, ba a kuma haɗa shi da wani takobi.

Tsawo ana auna shi da shaku, wanda ya yi daidai da santimita 30.3. Duk ruwan takobin da ya wuce shaku 2 dogo ne. Mai tsayin santimita 170 yakan dace da shaku 2.4, kimanin santimita 73, amma makarantu sun bambanta, don haka maganar malamin wasa ita ce gaba da jadawali. Takobin da ya yi wa mutum tsawo yana wahalar mayarwa kube, mai nauyi fiye da kima kuma yana cutar da gwiwar hannu bayan sara ɗaruruwa. Wasu takubban ana yi musu kwari a tsawon jikinsu. Kwarin yana rage nauyi, yana kuma yin fito idan an sara iska da baki a miƙe, sai mai koyo ya ji da kunnensa ko saransa ya karkace.

Takobi mai kaifi sai wanda ya ƙware, musamman mai gwajin sara a kan naɗaɗɗiyar tabarma da aka jiƙa. A wajen Japan yawancin masu wannan gwaji suna amfani da takubban ƙarfen zamani, da yawansu ƙirar garin Longquan na ƙasar Sin. Lambar ƙarfen tana faɗin abin da ke ciki: 1060 yana da kabon kashi 0.60 cikin 100, 1095 kuwa kashi 0.95, ya fi riƙe kaifi, ya kuma fi saurin ɓantarewa. Akwai kuma 9260, dangin ƙarfen sifirin mota wanda maƙeranmu ke nema don ƙera adda da gatari, mai lanƙwashewa ya dawo. Takobin da aka taurara jikinsa duka daidai ya fi yafe wa mai kuskuren sara, domin na gargajiya mai taushin baya, in saran ya karkace, lanƙwashewa yake yi ya tsaya a haka.

Wanda ya kamata a guje shi sarai shi ne takobin adon bango da aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Wannan ƙarfe yana da kyau a ƙaramar wuƙar girki, amma a tsawon takobi gautsi gare shi. Hamon ɗinsa na bogi ne, da ruwan asid ko burushin waya aka zana shi, shi ya sa yake maimaita kansa daidai wa daida kamar haƙoran zarto. Mafi haɗari, sau da yawa wutsiyarsa siririn sanda ce da aka yi wa walda, wadda kan ɓalle a cikin ƙota, ruwan takobin ya tashi sama cikin ɗaki cike da mutane.

Ko a takobi na ƙwarai, abin da ke riƙe ruwansa a cikin ƙota wani ɗan turken gora ne mai suna mekugi, wanda kaurinsa bai kai na fensir ba. An zaɓi gora ne domin in ta gaji tsagewa take yi zare-zare, ba ta ɓallewa gaba ɗaya, sai ta ci gaba da riƙo har a lura. Shi ya sa a makarantun iaido ake duba turken nan kafin a fara kowane darasi, a tura shi da yatsa a ji ko ya yi sako-sako, in ya nuna alamar tsagewa a fere sabo a sa.