Darasi: Kuɗin da Ake Yanka a Albashi

'Yan'uwa, masu albashi a cikinmu su ne sukan tsaya wa manoma wajen rancen taki. Mu sani, kafin albashi ya shiga hannunsu akan cire haraji, da kuɗin fansho, da rancen ƙungiya idan sun sa hannu. Kotu ma tana iya umartar mai biyan albashi ya yanka saboda bashi ko ciyar da 'ya'ya. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana a yanke wa lebura fiye da kashi ɗaya cikin uku a wata. Duk da haka, manomi ya ƙi biya da kaka, iyalin wanda ya tsaya masa ne za su kwana da yunwa.

A karanta Karin Magana 22:26-27, a tattauna.